Matar Sanau da Bao Si: laifin da aka ɗora wa mace

Duk wanda ya tashi a ƙasar Katsina ya san yadda ake ba da labarin Muhammadu Korau. Baƙo ne ɗan kokawa daga 'Yandoto, ya iske Sanau, na ƙarshen sarakunan Durɓawa, ba ya kaɗuwa saboda wani asiri da ke jikinsa. Matar Sanau ta tona asirin, aka shiga fage, Korau ya kayar da shi ya yanka, ya hau gado.

Labarin yana da daɗi a baki, ba mu musa ba. Abin da ke damunmu shi ne ya ɗauki faɗuwar gidan sarauta guda ya rataya a wuyan mace ɗaya, wadda yawancin masu ba da labarin ba sa ma damuwa da sunanta.

Ba mu kaɗai ke da wannan hali ba. A ƙasar Sin, Sima Qian ya rubuta labarin Sarki You na gidan Zhou, wanda aka kashe a shekara ta 771 kafin haihuwar Annabi Isa. Wai ya riƙa kunna wutar gangamin yaƙi don kawai ƙwarƙwararsa Bao Si ta yi dariya, hakimai na zuwa a banza, har ranar da mayaƙan Quanrong suka zo da gaske ba wanda ya amsa. Amma littafin da kansa ya faɗi ainihin rigimar: You ya tuɓe uwargidansa da ɗanta magajin gado, shi kuwa mahaifinta, mai ƙasar Shen, ya haɗa kai da Quanrong. Rikicin gado ne. Dariyar Bao Si ce dai ta fi zama a ƙwaƙwalwar mutane.

Yusufu Bala Usman, a littafinsa kan tarihin Katsina na 1981, bai tsaya a fagen kokawa ba. Ya karanta hawan Korau a ƙarni na 15 a matsayin sauyin tsarin mulki, inda birni, kasuwanci da malamai suka fara rinjayar tsohuwar sarautar Durɓi ta Kusheyi. Sai dai da Turanci ya rubuta, kuma marubutan ƙagaggun labaranmu har yau layar Sanau suka fi sani.

Mu mutanen Damari abin ya fi taɓa mu. 'Yandoto tana nan kusa da Tsafe, ba ta da nisa da Faskari. Wane irin gari ne ya haifi Korau? Su wa suka biyo shi, da wace hanya, suna neman me? Nan labarin yake, kuma ba mu ga an rubuta shi da Hausa yadda ya kamata ba. Mu da muke gyaran manhaja mun san idan babban tsari ya rushe, wanda ya danna maɓallin ƙarshe ba shi ne sanadi ba. A Sabuwa da Ƙanƙara kuwa, yau idan an shiga gari, tambayar farko ita ce wa ya kai rahoto, kafin a tambayi me ya sa garin ya kwana ba tsaro.