Ban Tausayi Cikin Wasannin Kwamfuta, da Yadda Ya Kamata a Auna Shi

Tun kafin zuwan boko Hausawa sun san wasan da mutum kan tuɓe rigarsa ya shiga ta wani. A Tashe, cikin watan azumi, yaro ya kan manna gemun auduga ya zama tsoho. A Kalankuwa, bayan an kau da amfanin gona, samari su kan naɗa wa juna sarautu, wannan alƙali, wancan ɗan doka. 'Yan kama kuwa shigar malamai su ke yi, su yi ta wa'azi bisa tuwo da miya. Amma wanda ya lura zai ga kusan dukan waɗannan wasanni na raha ne da gugar zana. In ana son labarin da zai sosa zuciya, sai a koma ga tatsuniya ko waƙa ko littafi, inda mai sauraro ya ke zaune gefe guda yana jin abin da ya sami wani. Dalilin da ya sa wasannin kwamfuta masu labari suka cancanci malamin adabi ya dube su shi ne sun gama waɗannan abubuwa biyu wuri ɗaya: mutum ya shiga riga, sa'an nan masifar ta same shi yana cikinta.

Ga wanda bai saba da su ba, ga yadda abin ya ke. Yara suna ce da kowane wasan kwamfuta gem, kuma a gidajen gem na garuruwan Arewa wasan ƙwallon ƙafa shi ya fi cin kasuwa. Wanda a ke magana a kansa a nan iri ne daban, masu yinsa suna taƙaita sunansa da haruffa uku, RPG. A kan ba mai wasa mutum guda daga cikin labari ya riƙa tafiyar da shi, ya yi tafiya da shi gari gari, ya yi magana da bakinsa, ya yi yaƙi, ya tara ƙarfi da makamai da abokan tafiya. Wasa ɗaya ya kan ci sa'a arba'in ko fiye. Tushensa wani wasan tebur ne mai suna Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka cikin 1974. Japanawa suka ɗauka suka ƙara masa nauyin labari, da Dragon Quest a 1986 da Final Fantasy a 1987.

Irin waɗannan wasanni baki da baki su ke yaɗuwa, wannan ɗalibi ya gaya wa wancan. Shawarar da masu sha'awarsu su kan ba juna kuwa, ko'ina cikin duniya, ba ta cika wuce magana biyu ba. Ta fari, wasa kaza zai sa ka hawaye. Ta biyu, kada ka yarda kowa ya gaya maka ƙarshensa. Dukansu biyu suna bukatar a bincike su, gama ma'auni ne da a ke auna labari da shi, kuma ma'aunin yana da tawaya.

Ya kamata a fara da nahawu, domin harshen mai wasa ya kan tona abin da ke zuciyarsa. Mai ba da tatsuniya da lamirin wanda ba ya nan ya ke magana: ya tafi, ta mutu. Mai wasan kwamfuta kuwa cewa ya ke, na shiga kogo, an kashe ni. In abokin tafiya ya faɗi, sai a ji ya ce an kashe mini shi. Wannan ƙaramar kalma, mini, ita ce kan zancen. Hausa ta rarrabe tsakanin tausayi, wanda a ke ji domin halin wani, da juyayi, wanda a ke yi bisa rashin da ya shafi mutum, da nadama, wadda ke biyo bayan aikin hannunsa. Littafi da fim sun fi ƙarfi wajen ta da tausayi. Abin da wasan kwamfuta ya ƙaro shi ne ya iya ja mutum ya yi juyayi da nadama. Hawaye kuwa kowanne daga cikin ukun nan ya kan kawo shi, har kiɗa mai taushi ma ya kan kawo shi, saboda haka hawaye kaɗai bai isa shaida ba.

Akwai kuma wata wahala da mai tsara irin wannan wasa ya ke fuskanta, wadda marubucin littafi bai san ta ba. Mutuwa cikin wasa abu ne mai araha. Mai wasa yana da ajiya, watau ya kan adana inda ya tsaya, in aka kashe shi ya koma can ya sake. Wanda ya mutu sau ashirin kafin azahar, yaya za a sa shi ya ɗauki mutuwa da nauyi?

Amsar da ta fi shahara ita ce ta Final Fantasy VII, na kamfanin Square, 1997. Cikin ayarin jarumin, Cloud, akwai wata yarinya mai sayar da furanni, Aerith, wadda ta fi kowa iya warkad da masu rauni. A ƙarshen faifai na fari cikin uku, mugun labarin, Sephiroth, ya soke ta da takobi tana addu'a, Cloud ya ɗauke ta ya sa ta cikin ruwa. Shekara da shekaru masu wasa suna yaɗa jita-jitar wai akwai dabarar ta da ita, alhali babu. Masu ba da shawara sun fi ambaton sukar takobin, amma ƙarfin abin yana bayanta. Wasan ya ci gaba har sa'o'i masu yawa, gurbinta yana nan babu kowa, kuma wahalar da mai wasa ya sha wajen ƙarfafa ta ta tafi ke nan. Duk da haka akwai aibi. Cikin wasan akwai wani gashin tsuntsu da a ke ta da wanda ya faɗi a yaƙi da shi, kuma labarin bai tsaya ya bayyana abin da ya hana shi aiki a wannan karo ba. Dokar wasa da dokar labari sun saɓa.

Misalin da zai fi kusa da mai karatun Hausa shi ne Dragon Quest V, wanda ya fito a Japan cikin 1992, bai sami fassarar Turanci ba sai 2009. Jarumin yaro ne ƙarami da aka kashe ubansa a gabansa, aka kai shi bauta shekara goma. Da ya kuɓuta ya shiga duniya neman uwarsa, kuma sa'ad da ya same ta, bayan ya girma har ya haifu, ba su daɗe tare ba aka kashe ta. Duk wanda ya karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, 1934, zai gane ƙashin bayan wannan labari: yaron Kagara da aka sace, ya bi ta Kano ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, uwarsa ta bi sawunsa cikin hamada har ita ma ta faɗa bauta, suka sadu, ba da jimawa ba ta rasu. Bambancin yana wajen mazaunin mai karɓar labarin. Shaihu Umar da bakinsa ya ke ba almajiransa labari bayan kome ya wuce, da natsuwar wanda ya riga ya miƙa al'amari ga Allah. A Dragon Quest V kuwa mai wasa shi ya taka kowace hanya da ƙafarsa, yana sa rai. Littafin ya fi zurfi wajen nuna abin da cinikin bayi ya yi wa mutanen ƙasar nan, gama abin ya faru. Wasan ya fi shi sa mutum ya ɗanɗana tsawon jira.

Sai magana ta biyu, ta ɓoye ƙarshe. Yaran da ke zaune gaban kakarsu da dare sun san yadda tatsuniyar za ta ƙare tun daga ga ta nan, ga ta nanku, amma ba su fasa roƙon a maimaita ba. Mai karanta Jiki Magayi, na John Tafida da Rupert East, tun sa'ad da Abubakar ya ɗaura niyyar ramuwa a kan Malam Shaihu saboda Zainabu ya san ba alheri a gaba, kuma sanin nan shi ke riƙe da shi. Labarin da ya kan mutu da an faɗi ƙarshensa, firgita ce kawai ya ke da ita, firgita kuwa sau ɗaya ta ke ci. Final Fantasy X na 2001 ya tsira daga wannan aibi. Yuna tana tafiya wuraren ibada domin ta kau da wata masifa mai suna Sin, wadda ke fitowa daga teku tana rushe garuruwa. Duk ayarin sun san tafiyar da ranta za ta ƙare, ban da jarumin, Tidus, wanda ya yi ta yi mata zancen abin da za su yi in an gama. Sai a tsakiyar labari ya ji gaskiya. Wanda ya sake buga wasan yana sane, shi ya fi jin nauyin shirun da ayarin su ke yi in Tidus ya yi irin wannan magana. Wannan shi ne gwajin da ya dace: a tambayi wanda ya san ƙarshen ko zai koma.

Wasanni biyu sun nuna iyakar abin ta fuskoki biyu. Cikin Nier na Yoko Taro, 2010, ƙarshe na ƙarshe ya nemi mai wasa ya yarda a goge dukan ajiyarsa domin a ceci wata abokiyar tafiya, kuma in ya yarda, a gabansa za a goge ta ɗaya bayan ɗaya. A nan dokar wasa da dokar labari sun zama abu guda, hasarar kuwa ta gaske ce, ko da ya ke ƙarama ce. Mass Effect 3 na kamfanin BioWare na Kanada, 2012, akasin haka ya yi. Bayan wasanni uku da aka ce wa mutane zaɓinsu zai bi su, sai ƙarshen ya taƙaita ga hanyoyi uku masu kama da juna. Ƙarar da da yawansu suka yi ita ce an yi banza da aikin hannunsu, har kamfanin ya fitar da ƙarin bayani kyauta cikin Yuni na wannan shekara.

Ma'aunin da ya fito daga waɗannan misalai, watau ko rashin ya zauna, ko kuma ya tsiro daga abin da mutane suka zaɓa, ba baƙo ba ne ga mazauna bakin Kwara a ƙasar Yawuri. An gina madatsar ruwa ta Kainji daga 1964 zuwa 1968, tafkin ya cika, aka ta da mutane fiye da 40,000. Tsohuwar Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, ta nutse, aka gina sabuwa. Gungawa, waɗanda sunansu ma daga gungu ya ke, watau tsibiri, suka rabu da tsibiransu da fadamun albasarsu, aka kai su gidajen siminti da ba su saba da irinsu ba. Can sama da Yelwa, a ƙasar Shanga, akwai wani rashi mai tafiya sannu. Harshen Shangawa na dangin Mande ne, ɗan'uwan na Busawa da Kyangawa, masu jinsa 'yan dubbai ne, mafi yawan Shangawa kuwa Hausa su ke yi. Abin lura cikin labaran nan biyu shi ne ba su da Sephiroth. Madatsar ta ba ƙasa wutar lantarki. Uban da ya yi wa ɗansa Hausa domin ya ci kasuwa ya yi karatu, bai yi mugunta ba. Alheri biyu ne suka yi karo, aka ɗauki ɗaya, ɗayan ya tafi ba ajiya. Wannan shi ne ban tausayi mafi zurfi, kuma shi ne wanda wasannin nan suka fi ƙaranci a kai, domin yawancinsu sai sun sami dodon da za a sara kafin a rufe labari.

Ba abin da ya hana a yi irin wannan wasa a Afirka. Kamfanin Kiro'o Games na Yawunde, a Kamaru, ya fitar da Aurion cikin 2016, labarin wani yarima, Enzo Kori-Odan, wanda surukinsa ya ƙwace masa sarauta ranar naɗinsa da aurensa. Amma shi ma ƙwace da ƙwatowa ne ginshiƙinsa. Wanda zai sa mai wasa cikin rigar sarkin wani gungu a 1968, ya ce masa ya zaɓi abin da zai ɗauka cikin jirgi ɗaya, ya san kuma ba dawowa, zai kai wannan fasaha inda ba ta saba zuwa ba.

Ga malaman kwalejojin horon malamai, amfanin wannan bayani yana kusa. Ɗalibin da ya zauna sa'a hamsin a kan labari ɗaya da Turanci ba rago ba ne wajen adabi, ko da ya yi hamma a darasin Shaihu Umar. In ya zo yana yabon wani wasa domin ya sa shi kuka, kada a kore shi, kada kuma a karɓi maganarsa haka nan. A tambaye shi me ya rasa bayan mutuwar, wa ya jawo ta, kuma ko zai sake bugawa yanzu da ya san ƙarshe. Sa'an nan a ɗora masa waɗannan tambayoyi bisa Jiki Magayi. In ɗan Yawuri ne ko Ngaski ko Shanga, a aike shi gida lokacin hutu ya nemi tsohon da ya ga tashin 1968, ya rubuto labarin da bakin mai shi, tun waɗanda suka gani da idonsu suna nan.