Hukuncin 'Yan Kallo a Ma'aunin Nazari: Misali daga Star Trek

Abin da muke son mu duba a wannan takarda shi ne matsayin ra'ayin 'yan kallo a fagen nazarin wasan talabijin. Duk wanda ya zauna a majalisar matasa a Badariya, ko a bakin kasuwar Argungu, washegarin da aka nuna sabon kashi na Labarina ko Daɗin Kowa, ya san gardamar da ake tafkawa a kan wane tauraro ya yi daidai, wane kashi ne marubuci ya yi ɓaranɓarama. Mu malaman adabi mun saba ɗaukar wannan hira a matsayin shirme. Muna ganin akwai gyara a nan, kuma mun zaɓi wasan Amurka mai suna Star Trek domin kuwa hukuncin masoyansa ya shekara hamsin da ɗoriya ana jujjuya shi, har ya zauna ya isa a auna.

Gene Roddenberry ne ya ƙago wasan, tashar NBC ta fara nuna shi ranar 8 ga Satumba, 1966. Labarin wani jirgin sararin samaniya ne, Enterprise, da ma'aikatansa masu yawon gano duniyoyi. A 1968 aka yi niyyar tsayar da shi, sai masoya suka yi ta aika wasiƙu har aka ƙara masa zango na uku, sa'an nan ya tsaya a 1969 da kashi 79. Wasiƙun irin waɗannan mutane ne kuma suka sa aka raɗa wa jirgin gwaji na hukumar NASA sunan Enterprise a 1976.

To, me suka yanke? Kashin da galibinsu ke ɗorawa a kan gaba shi ne The City on the Edge of Forever na 1967, wanda Harlan Ellison ya rubuta asalinsa. Likitan jirgi, McCoy, ya gigice saboda allurar da ta shige shi bisa kuskure, ya faɗa wata ƙofa da ta mai da shi birnin New York na 1930, inda ya ceci wata mata, Edith Keeler, daga haɗarin mota. Rayuwar wannan mata ta sauya tarihi, watau kiran zaman lafiyar da za ta yi ya jinkirta shigar Amurka Yaƙin Duniya na Biyu har Jamus ta yi nasara. Kyaftin Kirk ya bi sawu don ya gyara ɓarna, sai ya kamu da son matar, kuma a ƙarshe shi da hannunsa ya riƙe McCoy, yana ji yana gani mota ta buge ta. Wanda suke jefawa a ƙurya kuwa shi ne Spock's Brain na 1968, inda wata mace ta sace ƙwaƙwalwar Spock don ta sarrafa injunan duniyarsu, aka riƙa tuƙa gangar jikinsa da na'ura kamar motar wasan yara.

A duba da kyau: kashin da aka ƙi ya fi wanda aka so yawan injuna da abin mamaki. Ashe ba kimiyyar ake kallo ba. A na farko ƙofar zamani hanya ce kawai ta jefa mutum tsakanin so da wajibi, jigon da Bahaushe ya san shi tun a tatsuniya, kuma yana da suna a wurinsa, ƙaddara. A na biyu an cire wa tauraro abin da ya mai da shi tauraro. Spock ɗan mace 'yar Adam ne da uba mutumin Vulcan, kullum hankali da zuciya na jayayya a cikinsa, kuma wannan jayayya ita ce 'yan kallo ke biya wa lokacinsu. Malamin da ya karanta jigo da zubi da tsari ba zai yanke hukuncin da ya wuce wannan ba.

Amma ba mu yarda da su ɗari bisa ɗari ba. Kashin da suke yabo ya tsara labarinsa ta yadda dole mai kiran zaman lafiya ta mutu kafin duniya ta tsira, a shekarar da Amurka ke tsundum cikin yaƙin Biyetnam. Mai kallo hawaye ya rufe masa ido, ba kasafai yake tambayar wa ya amfana da wannan tsari ba. Wannan tambaya aikin manazarci ce.

Rauni na biyu shi ne haɗa ɗan wasa da rigar da ya sa. Leonard Nimoy sai da ya fitar da littafi a 1975 yana nesanta kansa da Spock, bayan shekara ashirin ya sake fitar da wani yana karɓar sunan. Mu ma nan marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, mutane nawa suka san shi da wani suna in ban da Samanja? Daga nan ƙin sauyi yake tasowa. Da aka kawo sabon zubi na Star Trek a 1987 da Kyaftin Picard, dattijo mai sanƙo, mai son shawara fiye da dambe, tsofaffin masoya da dama sun yi tsaki, ga shi kuwa wasan ya yi zango bakwai har 1994. Irin wannan guna-guni aka ji lokacin da Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya daga Nafisa Abdullahi a Labarina. Sabo turken wawa, in ji Hausawa, kuma hukuncin makon farko yawanci na sabo ne.

Abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne wannan. A 1969, shekarar da mutum ya taka wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaro Kilba da baƙon da ya ɗauke shi zuwa sama. Littafin bai sami magada masu yawa ba, kuma uzurin da aka saba bayarwa shi ne Bahaushe ba ya son labarin kimiyya, ko kuwa masu shirya fim a Kano ba su da kuɗin injuna. Hukuncin masoya Star Trek ya raunana uzuri na biyu, tun da kashin da ya fi shiga ransu kusan dukansa a titi da ɗakin ciyar da matalauta aka yi shi. Na farko kuwa ba a gwada shi ba balle a tabbatar, domin har yanzu 'yan majalisar Badariya ba a ba su wani Kilba a talabijin da za su yi gardama a kansa ba.