Malamin jinya a gaban kyamara: sharhi kan darussan da ake watsawa ta intanet

A cikin wannan ɗan rubutu muna son mu dubi wani irin aiki da ya yaɗu a fagen koyar da ma'aikatan jinya, watau darasin da malami yake shiryawa, a ɗauki muryarsa ko hotonsa, a ɗora bisa intanet, ɗalibi ya bi shi a salula ko kwamfuta ba tare da sun haɗa ido ba. Mu ba likitoci ba ne, saboda haka ba za mu taɓa ingancin ilimin da ke ciki ba. Abin da ya dame mu shi ne harshe, da kuma nauyin da ake ɗora wa malamin da ke shirya darasin, wanda a ganinmu an yawaita masa shi ta wani wajen, an kuma sauke masa shi ta wajen da bai kamata ba.

Abin ba sabo ba ne a ƙasashen da ke aiki da Faransanci. Tun 2001 asibitocin jami'ar Janeba suka kafa tsarin RAFT, aka fara da Mali, daga baya Nijar ta shiga. Da wata manhaja mai suna Dudal, wadda aka ƙera domin ta yi aiki ko da layin intanet ba shi da ƙarfi, malami yakan yi bayani da baki, allunan rubutu suna wucewa, masu saurare su aiko da tambaya a rubuce. A 2017 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, OMS, ta buɗe dandalin OpenWHO, wanda ya samu miliyoyin masu rajista lokacin annobar korona, aka kuma juya wasu darussansa zuwa harsuna da dama, har da na Afirka kamar Suwahili. Sai kuma gajerun finafinan Global Health Media, wata ƙungiya da wata ma'aikaciyar jinya, Deborah Van Dyke, ta kafa a Amurka, waɗanda suka fi ba da ƙarfi kan haihuwa, jarirai da shayarwa.

Idan aka jera waɗannan ayyuka, abin da ake nema ga mai shirya darasi kusan ɗaya ne: ya faɗi abin da ya dace da ƙa'idar da ake bi a lokacin, ya taƙaita, ya bayyana manufar darasi tun farko, ya rufe da tambayoyin gwaji. Ba mu da ja a kan ko ɗaya. Hasali ma, finafinan Global Health Media sun cancanci yabo ta wani fanni da ya shafe mu. An ɗauke su a gidajen likita na gaskiya, ba a nuna malami yana jawabi, ana ganin hannuwan ma'aikaciya da jikin jariri, murya tana bi daga baya. Wannan dabara ta sa ana iya cire muryar a sa wata cikin wani harshe ba tare da an sake ɗaukar hoto ba. Ta kuma warware wata matsala da littattafan Turai suka daɗe suna jawowa: littafi ya ce jaririn da numfashi ya gaza masa yakan yi "shuɗi", ɗalibi kuwa bai taɓa ganin baƙin yaro ya koma launin baba ba. Hoto yana nuna masa inda zai duba, leɓe da harshe, kamar yadda ake duba tafin hannu da cikin fatar ido wajen gane ƙarancin jini.

Amma darasin jinya ba ya ƙarewa a kan ɗalibi. Yana da zango na ukku, wanda shi ne dalilin yin sa tun farko: ranar da ɗalibin ya zama ma'aikaci a wani gidan likita na karkarar Maraɗi ko Damagaram, wata uwa ta zauna gabansa da yaro a cinya. Ilimin ya shigo masa da Faransanci, tambayar kuwa da Hausa zai yi ta, amsar ma da Hausa za ta zo. A da, wannan ƙetarawa ana koyon ta da kunne, lokacin da ɗalibi yake zaman koyon aiki kusa da majo ko tsohuwar ungozoma, yana jin yadda suke juya magana. Darasin intanet ba shi da wannan kusanci, kuma babu inda muka ga an nemi mai shirya shi ya cike gurbin.

Bari mu ba da misali. Faransanci ya bambanta veine, artère, nerf da tendon. Bahaushe duk jijiya yake ce musu. Wannan ba talaucin harshe ba ne, wata hanya ce ta rarraba jiki, amma majinyacin da ya ce jijiya ke damunsa bai faɗa wa ma'aikaci komi ba tukuna, sai an bi shi da tambaya. Kalmar ciki ta haɗa tumbi, da mara a bakin wasu, da juna biyu. Shawara ta fi su wuya, domin ana kiran rawayar ido da ita ko mene ne sanadinta, ciwon hanta ne ko wani abu daban, kuma mutane da yawa suna ganin maganinta na gida ne, ba na likita ba. Tamowa, wadda ma'aikata suka ɗauka suka sa a gurbin malnutrition, a bakin tsofaffi tana tafe da nata bayani, ana danganta ta da nonon uwar da ta yi sabon ciki tana goyo. Ma'aikacin da ya furta kalmar yana nufin awon dantse ya faɗi ƙasa da milimita 115, uwar kuwa tana iya jin zargi ne ake yi mata. (Wani lokaci harsunan kan yi dace: tashin zuciya da mal au cœur duk ba su da alaƙa da ciwon zuciya. Irin wannan dacen ba shi da yawa.)

Abin mamaki shi ne OMS da kanta ta san da wannan tun cikin shekarun 1990. Tsarin kula da cututtukan yara da ake kira PCIME ya tanadi cewa kowace ƙasa ta binciko kalmomin da iyaye mata suke amfani da su wajen faɗin alamun ciwo, a gwada su, kafin a horar da ma'aikata. Dalilin a fili yake. Ƙirga numfashi aikin ma'aikaci ne: 50 ko fiye a minti ɗaya ga yaro mai wata 2 zuwa 12, 40 ko fiye daga shekara 1 zuwa 5. Amma uwa ba ta ƙirgawa, ita ce kuma za ta yanke shawarar kawo yaron ko barin sa a ɗaki, bisa ga kalmar da aka ba ta ta riƙe. Lambobin sun shiga darussan intanet cikin sauƙi, domin lamba ba ta da ƙasa. Binciken kalmomin shi ne ya faɗi a hanya.

Ba kalmomi kaɗai ba ne. Duk wanda ya taɓa gaida marar lafiya a ƙasar Hausa ya san amsar ita ce "da sauƙi", ko da mutum yana gargara. Mace mai haihuwar fari an hore ta da ta danne zafi, kada a ji muryarta, kuma kunya kan hana ta ambatar sunan ɗan farinta. Darasin da ya koya wa ɗalibi ya tambayi majinyaci ya auna zafinsa daga 0 zuwa 10, bai ce masa komi ba game da wadda za ta amsa da sunkuyar da kai.

Tambayoyin gwaji su ne suka fi tona wannan rauni. A OpenWHO, darussa da yawa sun ba da takardar shaida ga wanda ya samu kashi 80 cikin 100, ta hanyar zaɓen amsa ɗaya cikin waɗanda aka jera. Irin wannan gwaji yana auna ko ɗalibi ya gane jimlar da ya riga ya karanta, ba ya auna ko zai iya ƙaga tambayar da ba a rubuta masa ba. Na'ura ke gyara shi, shi ya sa ake son sa, mun fahimta.

Yanzu mu dawo kan malamin gida. Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, mun ga wata malamar jinya a wata makarantar kiwon lafiya, ba za mu ambaci sunan wurin ba, tana ɗaukar darasinta da dare a salula, tana aika wa ɗalibai ta WhatsApp da kuɗin aljihunta. An bukaci ta zama marubuciya, mai ɗaukar murya, mai gyaran hoto da mai amsa tambayoyi har tsakar dare, ba a ƙara mata ko dala ba, ba a kuma faɗa mata ko darasin nata ne ko na makaranta ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne, duk inda ta zo wurin da ya yi tsauri, sai ta bar Faransanci ta ce: "To, in uwar ta ce muku kaza, ga abin da take nufi." Daga baya ta riƙa ba mu haƙuri a kan waɗannan wurare, tana ganin su aibi ne. A wurinmu su ne mafi daraja cikin aikin gaba ɗaya, kuma su ne babu wata takardar umurni da ta nema daga gare ta.

Akwai wani nauyi kuma da ba a cika faɗa ba. Darasin aji yana mutuwa da ƙarewar awa, na salula kuwa ba ya mutuwa, yana yawo daga hannu zuwa hannu shekara da shekaru. Ƙa'idojin likita suna sauyawa: a 2009 aka ɗaga iyakar awon dantse daga milimita 110 zuwa 115, a 2011 OMS ta fifita allurar artesunate bisa kinin ga yaran da zazzaɓin cizon sauro ya yi wa tsanani, a 2016 ta mai da awon ciki daga zuwa 4 zuwa haɗuwa 8. Hoton da aka yanke daga dandalinsa aka tura wa aboki ba ya ɗauke da kwanan wata. Ya kamata malami ya faɗi shekara da bakinsa a farkon kowane darasi, yadda almakashi ba zai raba su ba.

Wani zai ce maganin duk wannan shi ne a juya darussan zuwa Hausa, musamman tun da dokar ƙasa ta watan Maris na 2025 ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ta mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Muna maraba da fassara, amma da sharaɗi. Hausar da ta fito daga Ingilishi ta hannun mafassaran Nijeriya tana tafe da nas da asibiti, alhali a Tawa ana cewa za a tafi likita a ga majo. Wadda na'ura ta fassara kuma ta karanta takan ɓata karin sauti da tsawon wasali, waɗanda rubutunmu ba ya nunawa. Ban da haka, ɗalibin zai ci gaba da cika rajista da rubuta takardar magani da Faransanci. Abin da yake bukata darasi ne mai baki biyu, wanda zai ba shi sunan ciwo yadda zai rubuta shi, ya kuma ji da kunnensa yadda ake tambayar sa a Mirya da yadda ake tambayar sa a Birnin Ƙonni.

A nan laifin ya zo kanmu. Sassan nazarin harsuna sun ɓata shekaru suna ƙaga kalmomin kimiyya a ɗakin taro, kalmomin da sau da yawa ba su wuce takardar da aka buga su ba, alhali maganar da ake yi kullum tsakanin majo da majinyaci ba mu ɗauke ta da muhimmanci ba. Ɗalibanmu masu neman batun kundin digiri na biyu za su iya zama a ɗakin awo, da izinin hukuma da yardar masu jinya, su ɗauki waɗannan hirarraki, su rubuta su, su ware su gari-gari. Malamar da muka ambata ta ce in an yi hakan, ita ce za ta fara neman kwafi.