Jinjina ga malaman kwamfuta na makarantun Zamfara

A Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, da Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe, har zuwa sakandaren Bungudu, akwai waɗanda ba a cika yaba musu ba: malaman kwamfuta da ma'aikatan cibiyoyin intanet. Su ne ke dafa kafaɗar sabuwar ɗaliba su ce mata, lambar sirrin nan da banki ya turo miki, ko wanda ya kira ya rantse daga banki yake, kada ki karanta masa. Su ne ke nuna wa yaro yadda harafi ɗaya a adireshin shafi ke bambanta tallafin karatu na gaske da tarkon ɗan damfara.

Wani zai ce jihar da ke fama da 'yan bindiga ina ruwanta da kalmar sirri? Ai a Satumbar 2021 hukumomi sun katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya, domin sun san waya na cikin kayan aikin ɓarayin daji. Bayan sace ɗalibai mata a Sabon Gida a 2023, malamin da ke hana ɗaliba saka hoton ƙofar masaukinta a Facebook aikin tsaro yake yi, ko da bai riƙe makami ba. Gaskiya ne gargaɗi ba ya tare harsashi, amma yana rage abin da mai leƙen asiri zai tsinta a banza.

Shugabannin makarantu, ku ba waɗannan malamai lokaci a makon karɓar sababbin ɗalibai.