Jirgin faiba ya iso gulbinmu, ina mai gyaransa?

Bara da rani, da ruwan Gulbin Gindi ya ja baya ya bar rairayi fili, ni da kawuna muka shafe fiye da wata guda muna fama da wani tsohon jirgin faiba a ƙarƙashin rumfar zana, can gangaren gadar Jega. A ƙarshen damina ya saye shi, hannu na biyu, daga wajen wani dillali. Ranar da aka sauke shi daga mota kowa ya yi masa barka, don shuɗin fentinsa sai ɗaukar ido yake. Ba a rufa mako da sa shi a ruwa ba, yaron jirgin kawu ya koma kwarfar ruwa da ƙoƙo kamar yadda ya saba a tsohon kwale-kwalen katako. Da muka kife shi muka kankare fentin, sai ga tsaga ta fi kamu biyu a gindinsa. An cusa mata foti irin na masu gyaran jikin mota, an bi ta da fenti, an kai kasuwa.

Kawu ya daɗe yana kallon tsagar nan. Daga baya ya ce da ni: "Ɗana, jirgin icce shina gaya maka ciwonai. Wanga kau shiru shikai har ranar da za shi kashe mutane."

Wannan maganar ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Tun ranar 26 ga Mayun 2021, da jirgin nan mai ɗauke da mutum sama da 150 ya dare a Kogin Kwara kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski, 'yan kaɗan suka fita da rai, maganar jirgin katako ta sauya a Jihar Kebbi. A Yunin 2023 aka yi na Patigi, inda masu dawowa daga biki sama da 100 suka rasu. A Oktoban 2024 aka yi na Gbajibo, a ƙasar Mokwa, da masu tafiya Mauludi. Ministan harkokin teku, Adegboyega Oyetola, ya sha kiran jihohi su bar jiragen katako su koma na faiba da na alminiyam, hukumomi irin su NIWA da N-HYPPADEC kuma suna ta rabon rigunan ceto a garuruwan bakin ruwa. Gulbinmu bai kai Kwara faɗi ba, amma duk wanda ya ga ambaliyar 2020, da ta shanye gonakin shinkafa a faɗin jihar nan, ya san cewa da damina manoman Jega da na ƙauyukan Maiyama ba su da hanyar zuwa fadama sai ta jirgi. Shi ya sa jiragen faiba, galibi tsofaffi waɗanda suka gama aiki a manyan ruwaye, suka fara gangarowa wajenmu, matasa kuma suka fara gyara su da hannunsu, da waya a gefe suna bin bidiyon YouTube.

Ina goyon bayan wannan al'ada, kuma ina so ta yaɗu. Jirgin katako yana da jama'arsa: masassaƙi yana nan, maƙeri zai ƙera ƙusa, tsumma da kwalta ba su da wuyar samu, Sarkawa masunta kuma sun gaji sanin icen maɗaci da kawo da yadda kowanne yake zama cikin ruwa. Jirgin faiba ya zo mana maraya. Mu kanmu sai da muka aika Kano kafin mu sami kayan gyara. In mai jirgi bai koyi gyara ba, abu biyu ne: ko ya jingine shi ya koma randar shan awaki, ko ya ci gaba da fito da shi a tsage. Damuwata ita ce abin da matasanmu suke kira gyara, yawancinsa kwalliya ce.

Sai mutum ya san da me aka yi jirgin kafin ya san ta inda zai lalace. Faiba zaren gilashi ne, ya fi gashin kai siranta. Ana yin sa shimfiɗa-shimfiɗa, wata kamar tabarmar da aka watsa zare, wata saƙaƙƙiya kamar buhu. Ana jiƙa shi da rezin, wani ruwa mai kaurin zuma da wari mai hawa ka, bayan an ɗiga masa maganin daskarewa. Zaren ne ƙarfin, rezin kuma shi ke riƙe zaren. A Amurka aka faro abin: kamfanin Owens-Corning ya kafu a 1938, wani mutumin Toledo ta Jihar Ohio mai suna Ray Greene kuma ya ƙera jirgi da shi a 1942. A waje akwai wata fata mai santsi wadda kaurinta bai kai milimita ɗaya ba, ita ce ke ba jirgi launi, ita ce kuma ke hana ruwa isa ga zaren. Gara ba ta cin faiba, ba ya kuma ruɓewa, daga nan mutane suka ɗauka ba ya tsufa. Alhali rana tana cin fatar nan har ta koma gari kamar alli, in ka shafa ya biyo tafinka. Jan jirgi a kan rairayi safe da yamma yana sassaƙe gindinsa. Da ruwa ya sami kafa sai ya kwanta tsakanin shimfiɗu, jikin jirgi ya yi bororo, in ka huda ruwa mai tsami ya fito.

Bidiyon da yaranmu suke kallo yawanci na masu jiragen shaƙatawa ne a Amurka da Turai. Mutum ne da jirgin da yake fita da shi kamun kifi ranar hutu, yana da rufaffen gareji, burinsa ya ga fuskarsa a jikin jirgi. Don haka rabin bidiyon gogewa ne da fesa fenti da fito da sheƙi. Namu jirgin buhunan shinkafa yake ɗauka, da babur, da mata masu goyo, da 'yan makaranta. Wanda ya kwaso darasin sheƙi ya kawo shi mashigin fito ya kwaso abin da ya fi komai ƙarancin amfani.

Aikin gaskiya da kunne yake farawa. Yadda mace take ƙwanƙwasa tukunya a kasuwar Jega kafin ta biya kuɗi, haka muka bi jirgin nan da bayan cokali, taki-taki, daga goshi har wutsiya. Inda yake lafiya ƙarar a tsaye take, ƙal-ƙal. Inda shimfiɗu suka rabu ko ruwa ya kwanta sai ka ji dum-dum. Duk inda muka ji haka kawu ya zagaye shi da gawayi. Wuri goma sha ɗaya muka zagaye, a cikinsu uku kaɗai ido yake iya gani. Masu ɗorin Aliero, da ake kawo musu karaya daga nesa, ba su taɓa tsayawa a kan fata ba, sai sun laluba sun ji inda ƙashi ya goce. Gyaran jirgi ma haka yake so.

Daga nan sai haƙuri, kuma a nan mafi yawa suke faɗuwa. Mun gurje wuraren nan da injin gurza har muka isa zare mai tsabta, muka wanke, sannan muka bar jirgin a kife ya sha iska har mako uku. Rezin ba ya kama jiƙaƙƙen wuri. Ko ya nuna kamar ya kama, wata rana zai ɓare kamar ɓawon rogo. Mai jirgi da abincin gidansa yake cikin fito ba ya son jin mako uku, na sani, shi ya sa rani ne lokacin wannan aiki, sa'ad da ake ƙetare gulbi da ƙafa.

Tsaga kuwa ba a cika ta yadda ake cika ramin bango. Ana gurje gefenta a karkace, a yi mata gangare mai faɗi, ninki goma sha biyu na kaurin jikin jirgin. In kaurin milimita 5 ne, gangaren zai kai santimita 6 a kowane gefe. Sai a goge da asiton, a yanka faiba girma-girma, a shimfiɗa ɗaya bisa ɗaya, kowace a jiƙa ta da buroshi a danne ta har iska ta fita. Inda ka ga fari-fari, zaren bai sha ba. Inda ka ga rezin ya taru kamar tafki, ya yi yawa, kuma rezin da babu zare a cikinsa fashewa yake kamar kwalba. In hannu yana isa, a yi ciki a yi waje. Wanda ya taɓa zama kusa da gyartai ya ga yadda yake fara huda ƙarshen tsagar ƙwarya kafin ya ɗinke, don kada ta ci gaba da tafiya, zai gane cewa ba mu rasa tushen wannan sana'a ba.

Akwai abin da bidiyo ba zai gaya maka ba, don ba a Kebbi aka ɗauke shi ba. Maganin daskarewa kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ake sawa. A bazararmu, da zafi ke haura digiri 40, in ka sa kashi 2 ka dama gwangwani guda da rana tsaka, kafin ka gama shimfiɗa ta farko ya yi zafi ya daskare a hannunka. Haka muka yi asarar damun farko, ni na dama shi kuwa. Daga ranar muka koma aiki bayan sallar asuba, a inuwa, muna auna maganin da sirinji, muna dama kaɗan-kaɗan. Hunturu kuma ƙurarsa take manne wa ɗanyen aiki. Shi kansa rezin ba ya jure ajiya a zafi, in ya yi watanni a shago sai ya yi gudaji, don haka a duba kafin a saya. Maganin nan in ya fantsama a ido yana iya makantarwa, ƙurar gurza kuma gilashi ce mutum yake shaƙa. Na ga yara suna wannan aiki ba tabarau, ba takunkumi, ba safar hannu, suna wanke hannu da fetur. Duk uban da ɗansa ya shiga wannan sana'a ya fara saya masa waɗannan uku kafin ya saya masa buroshi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganar da ta bazu cewa jirgin faiba ba ya nutsewa. Faiba ya fi ruwa nauyi, kusan ninki ɗaya da rabi. Jirgin katako in ya cika da ruwa, in dai ba kaya suka danne shi ba, sau da yawa yakan tsaya a saman ruwa mutane su rirriƙe shi. Na faiba in ya cika, ƙasa zai yi kamar dutse, sai fa in yana da rufaffun ɗakunan iska ko soso mai hana nutsewa a ƙarƙashin benci da goshi da wutsiya. A jirgin kawu mun tarar an farke biyu daga ɗakunan nan don a sami wurin kaya, soson da ya rage kuma ya sha ruwa ya yi nauyi kamar jiƙaƙƙiyar katifa. Katakon da ke cikin bangon baya, inda ake rataya inji, shi ma ya ruɓe ta ramukan noti, duk da faiban da ya rufe shi yana nan sumul. Babu ɗaya a cikin waɗannan da mai saye zai gani a kan fenti. Mun fi kwana a kansu fiye da tsagar da ta kai mu ga kife jirgin.

Wani zai ce tunda abin haka yake, a bar wa ƙwararru. Ina ƙwararrun suke tsakanin Jega da Maiyama? Samar da su ne aikin da ke gabanmu, kuma ba daga nesa za a ɗauko su ba. Masu gyaran jikin mota sun riga sun san warin rezin, 'ya'yan masassaƙa jirgi sun san inda jirgi yake ɗaukar nauyi, abin da ya rage a haɗa su wuri ɗaya. Jami'ar kimiyya da fasaha tana Aliero tun 2006, tafiyar 'yan mintoci daga gulbin nan. Kwas na mako biyu da Hausa, a bakin ruwa, da jirgi na gaske a kife, bai fi ƙarfinta ba. Duk hukumar da za ta raba jirgin faiba ta haɗa da kayan gyara da mutum biyu da aka koya wa aikin a garin. Sarakunan ruwa kuma, da su ne suka san kowane jirgi da mai shi, su hana a sa tsohon jirgi a fito sai an kife shi an ƙwanƙwasa a gabansu.

Fenti muka yi a ƙarshe, shafa biyu da buroshi, fari a ciki don ko tsaga ta fito a gan ta da wuri. Bai yi sheƙin ranar da aka kawo shi ba, ana ma ganin tudun facin in rana ta haska. Da ruwa ya dawo, kawu bai yarda mutum ya shiga ba. Ya sa aka loda masa buhunan rairayi daidai nauyin da zai riƙa ɗauka, aka ɗaure shi a mashigi ya kwana biyu. Ranar ta uku da sassafe ya kira ni, ya shiga ya shafa gindin jirgin da tafinsa, ya ɗago hannun ya nuna mini a bushe. Sannan ya ɗauki gawayi ya ja layi a gefen jirgin daidai inda ruwa ya tsaya, ya ce da yaronsa ya bi layin da jan fenti, kuma duk ranar da ruwa ya taɓa shi, ko ɗan sarki ne a bakin gaɓa ya jira sawu na biyu.