Masoya su yi ta jira, amma kada a damƙa musu linzamin fim

Wata sabga ta zama ruwan dare a masana'antar fina-finan Amurka cikin shekaru 20 da suka wuce. Kamfani zai tono tsohon fim na ƙagen kimiyya, irin wanda bai yi kasuwa a zamaninsa ba amma daga baya ya tara 'yan gani-kashe-ni, sai ya sanar cewa za a yi masa ci gaba. Daga ranar masoya sun daina barci ke nan. Tallar minti biyu za a saki, su tsayar da ita hoto bayan hoto suna neman alama, suna gardama kan wace riga jarumi ya sa da abin da rigar ke nufi, suna lissafa kwanakin da suka rage. Wannan ɗoki ba laifi ba ne, kuma duk mai son fasaha ya san daɗinsa. Inda gizo ke saƙa shi ne yadda kamfanoni suka mai da ɗokin ma'auni: da shi suke yanke nawa za a kashe, da shi suke yanke abin da za a sa a labari. A ganina ɗokin masoya bai iya ko ɗaya daga cikin ayyukan nan biyu ba, kuma tarihin Blade Runner kaɗai ya isa shaida.

Fim ɗin ya fito ranar 25 ga Yuni, 1982. Ridley Scott ne darakta, an ciro labarin daga wani littafin Philip K. Dick na 1968, shi kuwa Dick ya rasu watanni kaɗan kafin a fara nuna shi. Harrison Ford ya fito a matsayin Rick Deckard, tsohon ɗan sanda a birnin Los Angeles na shekarar 2019, wanda aka dawo da shi aiki don ya farauci wasu ƙerarrun mutane da suka gudo daga bauta a wajen duniya. Jini da tsoka ne kamar kowa, kamfani ne ya ƙera su, ya kuma ƙayyade musu shekaru 4 kacal na rayuwa. Birnin kullum cikin duhu yake da ruwan sama, manyan allunan talla na haskawa a jikin benaye, talakawa na cunkushe a ƙasa suna cin taliya a bakin titi. 'Yan kallo na lokacin sun shiga silima suna sa ran ganin Ford ɗin Star Wars da Indiana Jones, mai raha da zafin nama, sai suka tarar da wani mutum mai ɗaure fuska da shan giya, wanda ke harbin mace a baya tana gudu. Makonni biyu kafin nan E.T. na Steven Spielberg ya fito ya kwashe jama'a. An kashe kusan dala miliyan 30 a kan Blade Runner, kuma zagayensa na farko a silima bai faranta wa masu kuɗin rai ba.

Abin da ake yawan mantawa shi ne, tun kafin ya fito an riga an yi masa gyaran gangar auzinawa saboda sauraron jama'a. An gwada shi a gaban 'yan kallo a Denver da Dallas, suka ce bai fahimtu ba kuma ya yi baƙin ciki da yawa. Sai masu kuɗi suka sa Ford ya ɗora murya yana bayyana abin da ido ke gani, muryar da duk wanda ya ji ta ya san mai ita ba da son ransa yake karantawa ba. Suka kuma liƙa masa ƙarshe mai daɗi, Deckard da Rachael, ƙerarriyar da ya kamu da sonta, a mota cikin koren daji, har da hotunan sama da aka aro daga ragowar abin da Stanley Kubrick ya ɗauka don The Shining. Kaset ɗin bidiyo ne ya raya fim ɗin, domin a gida mutum na iya maimaita kallo har ya ga abin da ya wuce shi. A 1992 aka fitar da wani kwafi da aka cire muryar da ƙarshen jabu, aka saka mafarkin doki mai ƙaho ɗaya, sannan a 2007 Scott ya fitar da wanda ya ce shi ne na ƙarshe. Wato duk abin da masoya ke tinƙaho da shi a yau, jan ƙafar labarin da duhunsa da ƙin ba da amsa, shi ne ainihin abin da 'yan kallon farko suka ƙi. Da an ci gaba da bin ra'ayin jama'a, da babu abin da za a jira ci gabansa.

To me masoyi yake jira a tsawon shekaru 35 ɗin da ke tsakanin fim na farko da na biyu? In aka tace maganganunsu, abu uku ne ke fitowa: tsofaffin fuskoki su dawo, a amsa tambayoyin da aka bari a buɗe, sannan ya sake jin abin da ya ji ranar da ya fara gani. Na farkon mai sauƙi ne in akwai kuɗi. Na ukun ba ya yiwuwa, tunda abin da ya ji ran nan mamaki ne, kuma mutum ba ya mamakin abin da shi da kansa ya yi oda. Na biyun kuwa shi ne mai haɗari. Babbar gardamar masoya Blade Runner ita ce ko shi kansa Deckard ƙerarre ne bai sani ba. Scott ya sha faɗa cewa ƙerarre ne, Ford ya daɗe yana cewa shi mutum ya taka. Wannan rashin tabbas ne ya riƙe fim ɗin a bakin mutane shekara da shekaru, domin shi ne ke tilasta wa mai kallo ya tambayi kansa mene ne bambancin, in har ba a iya ganewa. Masoyin da ke roƙon a ba shi amsa, yana roƙon a kashe masa abin da yake so ne bai ankara ba.

Denis Villeneuve, wanda aka damƙa wa Blade Runner 2049 da ya fito a Oktoban 2017, ya gane haka, kuma a nan nake ganin darajar aikinsa. Bai amsa tambayar Deckard ba. Ford ɗin da aka cika allunan talla da fuskarsa bai bayyana ba sai da fim ya ci fiye da rabinsa. Jarumin labarin wani sabo ne, K, wanda Ryan Gosling ya taka, ƙerarre da ya san ƙerarre ne, yana farautar 'yan uwansa a kan albashi. Yana da wata tunawa ta yarinta, ta ɗan dokin katako da ya ɓoye cikin toka a wani tsohon murhu. Da ya je wurin ya tono dokin da hannunsa, sai ya yarda shi ne ɗan da wata ƙerarriya ta haifa, zaɓaɓɓen da kowa ke nema. Mai kallo ma ya yarda, domin haka irin waɗannan labarai suka saba tafiya. Can gaba aka gaya masa cewa mace aka haifa, tunawar ta wata ce aka dasa masa. Akwai kuma wurin da ya fi wannan kaifi. Attajirin da ya gaji kamfanin ƙera mutanen ya kawo wa Deckard sabuwar Rachael, an ƙera ta daidai da yadda take a 1982, da gashinta da tafiyarta, don ya saye bakinsa. Tsohon ya dube ta, jikinsa ya yi sanyi, sannan ya ce ba a dace da launin idanunta ba, ya juya baya, aka harbe ta nan take. An yi amfani da kwamfuta wajen dawo da fuskar ƙuruciyar Sean Young, wadda ta taka Rachael, aiki mai tsada, don kawai a nuna wa masoya a idonsu cewa kwafin abin da suka so ba shi ne abin da suka so ba. Ban san wani ci gaba da ya taɓa yi wa masu jiransa magana kai tsaye haka ba.

Mai ja da ni zai ce, ai ga sakamakon taurin kai nan, fim ɗin ya yi asara. Gaskiya ne. An ce kuɗin yinsa tsakanin dala miliyan 150 ne zuwa 185, ban da na talla. Ƙarshen makonsa na farko a Amurka ya tara kusan miliyan 33, a duniya baki ɗaya bai kai miliyan 300 ba, gidajen silima kuma sukan riƙe kusan rabin kuɗin tikiti. Tsawonsa minti 163 ne, har Scott da kansa ya ce ya yi tsawo, da shi ne da ya yanke rabin awa. Amma a duba da kyau inda kuskuren yake. Masoya sun je, kuma yawancinsu sun fito suna yabo. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar biyu, ɗaya ta Roger Deakins mai ɗaukar hoto, wanda aka tsayar da shi sau 13 kafin nan bai taɓa ci ba. Waɗanda ba su je ba su ne sauran jama'a, matasan da ba su ga na farko ba kuma ba su ga dalilin damuwa ba. Kamfani ya ji ƙarar masoya a intanet ya ɗauka yawa ne, alhali mutum ɗaya na iya rubutu sau ɗari amma tikiti ɗaya zai saya. An ɗinka rigar ƙato ga fim ɗin da asalinsa na 'yan tsiraru ne. Kuma bin son masoya sau da ƙafa bai ceci wasu ba. The Thing na John Carpenter ya fito rana ɗaya da Blade Runner, shi ma ya faɗi, shi ma ya tashi daga baya. A 2011 aka yi masa wani fim mai suna iri ɗaya wanda ke bin sawunsa kusan fage bayan fage, yana bayyana yadda kowace gawa da gatarin da aka gani a na farko suka zo wurin. Bai yi kasuwa ba, kuma ba a cika tuna shi ba.

Wata hujjar ta fi wannan ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba. Masoya ne suka ceci waɗannan fina-finai lokacin da masu sharhi da masu kuɗi suka yar da su, don haka suna da haƙƙi. Tron na kamfanin Disney, shi ma ɗan 1982, bai samu ci gaba ba sai da aka nuna wani ɗan gajeren gwaji a taron Comic-Con na San Diego a 2008, zauren ya ɗauki ihu, sannan aka saki kuɗin Tron: Legacy da ya fito a 2010. Ba don ihun nan ba, da babu fim. Na yarda. Amma haƙƙin da ceto ke bayarwa shi ne a girmama hankalinsu, kada a yi musu aikin ha'inci da sunan abin da suke ƙauna. Bai kai ga haƙƙin rubuta labari ba. Su ma ba baki ɗaya suke magana ba, tunda rabin masoya Blade Runner na son Deckard mutum, rabi na son sa ƙerarre, wanne za a bi? Shi kansa Tron: Legacy, abin da ya rage a zukatan mutane daga cikinsa shi ne kiɗan Daft Punk, wanda babu wanda ya roƙa, yayin da fuskar Jeff Bridges, jarumin na farkon, da aka mayar ƙuruciya da kwamfuta don faranta wa tsofaffin masoya ita ce aka fi yi wa dariya.

Za a kuma kawo Star Wars: The Force Awakens na 2015, wanda ya maimaita tsarin fim ɗin 1977 kusan tsaf, ya kuma tara fiye da dala biliyan 2. Wannan misali ba na nan ba ne. Star Wars tun ranar farko na kowa da kowa ne, masoyansa su ne jama'ar gari, saboda haka faranta musu kasuwa ce ta gaske. Ko a can ɗin ma, da aka zo kashi na 2019 ana ta ƙoƙarin lallashin waɗanda suka fusata da na 2017, sai aka haifi fim ɗin da bai gamsar da kowane ɓangare ba. Misalin da ya dace da zancenmu ya fito ne a shekara ɗaya da The Force Awakens. George Miller ya dawo da Mad Max bayan shekaru 30, ya sauya Mel Gibson da Tom Hardy, ya rufe masa baki da ƙarfe a farkon fim, ya miƙa ragamar labarin ga wata mace mai hannu ɗaya, Furiosa, wadda Charlize Theron ta taka. Babu masoyin da ya sa wannan a jerin buƙatunsa, wasu ma sun yi ƙorafi kafin su gani. Fim ɗin, mai suna Fury Road, ya ci Oscar 6, kuma yau shi ne ake auna sauran fina-finan faɗa da shi.

Zancen bai ƙare ba, domin Amazon ta ɗauki nauyin wani shiri mai dogon zango mai suna Blade Runner 2099 da Michelle Yeoh a gaba, kuma tuni aka koma teburin hasashe. Ga kamfanoni, lissafin a bayyane yake: fim ɗin 'yan tsiraru a yi shi da kuɗin da 'yan tsiraru za su iya mayarwa, sannan a sakar wa darakta mara. Villeneuve bai mutu da asarar 2049 ba, bayansa ma ya yi Dune, wanda kashinsa na biyu ya haura dala miliyan 700 a 2024. Kai kuma masoyi, yi ta ɗokinka, babu mai hana ka. Amma ranar da fim ya fito, ka ajiye jerin buƙatunka a gida, ka sayi tikiti, ka ja wanda bai taɓa ganin na farko ba ku tafi tare.