Asabarin Ƙarfe: Sharhi a Kan Wata Ƙofar Gareji a Ƙofar Mata

Bayan rasuwar mahaifinmu da shekara biyu, yayana ya rushe zauren gidanmu da ke Ƙofar Mata, ya gina wa motarsa ɗaki a gurbinsa. Ya sake fuskar gidan baki ɗaya: bango miƙaƙƙe mai launin toka, tagogin alminiyam, babu zanko, babu indararo. Da aka zo kan ƙofar gareji sai ya nuna mini hoto a wayarsa, wata baƙar ƙofa ta siraran ƙarafa da aka jera a kwance, da rata tsakanin kowane biyu. Ya ce ita kaɗai ce za ta dace da ginin zamani, kuma na yarda da shi a ranar. Wannan sharhi ƙoƙari ne na auna wannan ƙofa kamar yadda ake auna kowane aikin fasaha, wato a tambayi abin da ta yi niyyar yi, a duba ko ta cika shi, sannan a duba abin da ta jawo wa waɗanda ke zaune a bayanta.

Wajibi ne a fara da wurin da aka kafa ta, domin ƙofar da ta yi kyau a Nasarawa GRA ba lalle ta yi kyau a cikin birni ba. Unguwarmu ma sunan ƙofa ta ci. Tarihi ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwar Kano, kuma ana danganta Ƙofar Mata da faɗaɗa birnin da Sarki Muhammadu Rumfa ya yi a zamaninsa, 1463 zuwa 1499. Karofin da ke bakin ƙofar, wanda ake cewa an kafa shi a 1498, har yau ana rini a cikinsa da baba da toka. Mutanen da suka tashi a irin wannan wuri sun daɗe da sanin cewa aikin ƙofa ya wuce rufe rami a bango. Ita ke yanke hukuncin wanda zai shiga, da wanda zai tsaya, da iyakar abin da ido zai gani. Duk wanda ya je Gidan Makama ya dubi tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni da aka adana a can zai ga yadda magabata suka ɗauki wannan aiki da nauyi.

Ta fuskar ido, ba ni da abin da zan soki ƙofar yayana da shi. Layukanta na kwance sun bi layin rufin da na tagogi, sun sa gidan da faɗinsa bai kai a yaba ba ya yi kamar ya miƙe. Baƙinta ya fito da tokar bango. Ba ta da furanni da kambi da ruwan zinariya irin na get-get ɗin da masu walda suka cika unguwannin bayan gari da su, waɗanda ke shelanta arzikin maigida tun daga titi. Da rana, idan haske ya ratsa ratar ya zana layi-layi a daɓen gareji, abin yana da kyan kallo. In da dacewa da bango ne kaɗai ma'auni, da na ajiye alƙalami a nan.

Amma gidan Bahaushe yana da ma'auni na biyu, shi ne sirri, kuma a nan ƙofar ta faɗi. Magina na da ba su taɓa sa ƙofar zaure ta kalli ƙofar shigifa kai tsaye ba. Sai an karkata, an sake karkatawa, kafin a iso tsakar gida, ta yadda mai wucewa ba zai hango komai ba ko da ƙyaure a buɗe yake. Garejinmu kuwa a miƙe yake daga titi har tsakar gida, kuma ratar da ke tsakanin ƙarafan ta kai faɗin yatsa biyu. Muddin motar na ciki, tana tare ido. Da ta fita, sai gidan ya zama a fili. Da dare kuma, idan an kunna fitila a ciki alhali waje na da duhu, na waje yana ganin komai, na ciki ba ya ganin kowa.

Mahaifiyarmu ce ta fara ganewa. Ba ta kiran sunan yayana saboda alkunyar ɗan fari, don haka ni ta kira bayan sallar isha'i. Ta ce, “Ka gaya wa yayanka, shekara arba'in ina cikin gidan nan, ba a taɓa sanin abin da na ɗora a murhu daga waje ba sai bana.” Washegari ta sa aka rataya tsohuwar tabarma a bayan ƙofar. Wannan tabarma ita ce sharhi mafi kaifi da aka yi wa aikin, domin ta nuna cewa ƙofar da aka kashe kuɗi mai yawa a kanta tana bukatar wata ƙofar kafin ta yi aikinta.

Tabarmar ce kuma ta tuna mini cewa ƙofa mai rata ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Muna da asabari, wanda ake saƙawa da siraran tsirrai a rataya a bakin ɗaki. Iska na ratsa shi, haske na ratsa shi, matar da ke ciki tana ganin mai zuwa, shi kuwa ba ya ganin ta. Sirrinsa yana cikin ƙanƙantar ratarsa da kuma wurin da ake rataya shi: can cikin gida, bayan an wuce zaure da shigifa. Misirawa sun warware irin wannan matsala da tagogin katako masu saƙa da suke kira mashrabiyya, waɗanda har yau ake gani a tsohon birnin Alƙahira. Maxwell Fry da Jane Drew, da suka zana gine-ginen Jami'ar Ibadan a shekarun 1950, sun yi bangaye masu huda-huda don iska ta ratsa. Ke nan tunanin ba sabo ba ne, kuma ba na Turawa kaɗai ba ne. Kuskuren yayana shi ne ya ɗauko siffar daga hoton gidan da ke tsakiyar lambu, nesa da titi, ya kafa ta a bakin hanyar da ɗaruruwan mutane ke bi kullum.

Ma'auni na uku shi ne yanayin gari. A watan Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40, kuma baƙin ƙarfe da ke kallon yamma yana shan rana har ya gagari taɓawa da la'asar. Ratar tana taimakawa a nan, domin gareji mai rufaffiyar ƙofa tanderu ne. Sai dai abin da ke shigo da iska a bazara shi ke shigo da ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, kuma kowane ƙarfe da ke kwance ya zama kanta da ƙura ke zama a kai. Da damina ruwa yakan kwanta a mahaɗar walda, tsatsa ta fara daga nan. Katako zai fi sanyi, amma gara na jiran sa. Alminiyam ba ya irin wannan tsatsa, sai dai tsada da saurin lanƙwashewa. Babu zaɓin da ba shi da aibi, amma magina na da sun fi mu tambayar yanayi kafin su yanke shawara. Katsin da ake kwasowa daga ramukan rini irin na unguwarmu yana cikin abin da suke haɗa laso da shi don kare bango daga ruwa, ta yadda sharar wata sana'a ta zama garkuwar wata.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabta. Ƙofarmu mai fuka-fuki biyu ce, tana buɗewa waje, kuma hanyarmu ba ta da faɗi. Duk safiya sai mai kurar ruwa da 'yan makaranta sun dakata har motar ta fita. Mai zamewa gefe ta fi dacewa, amma tana bukatar bango mai tsawon da ba mu da shi. Babban rashin dai ba na ƙofar ba ne, na abin da ta maye gurbinsa ne. A zauren nan aka ɗaura auren yayyena mata, a nan aka karɓi gaisuwar mahaifinmu, a nan almajiri ke fakewa idan hadari ya taso, a nan dattawan layi ke shan iska bayan magariba. Zaure ɗaki ne da maigida ya bai wa jama'a daga cikin filinsa. Yanzu baƙo sai ya tsaya a rana ya buga ƙarfe da ɗan makulli har a ji shi.

Ba na cikin masu ganin duk sabon abu ɓarna ne. Yayana yana da gaskiyarsa: motar da ta kwana a waje ba ta da tabbas, kuma ginin ƙasa yana bukatar yaɓe kowace shekara, aikin da masu iya shi ke ƙara ƙaranci. Zamani riga ne, in ji masu magana, amma riga ma sai an gwada ta da jikin mai sawa. Hukumomi kansu sun rushe Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi, shekara uku bayan an sa ganuwar Kano cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Idan mota ta iya ture ƙofar birni, ba abin mamaki ba ne ta ture zauren talaka.

Bayan mako uku ana ja-in-ja, mun koma wurin mai walda. Dattijo ne, ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce wa yayana, “Alhaji, ai tun farko da ka ce gidan akwai iyali a fili, da ban miƙar da su haka ba.” Ya yanke ƙarafan ya sake jera su a karkace, bakin waje na kowanne ya yi ƙasa, ya ɗan rufe na ƙarƙashinsa. Yanzu ruwan sama yana zubewa waje, iska tana shiga, mai wucewa ba ya ganin komai, mu kuwa muna hango ƙafafun mai sallama. An sauya fentin zuwa ruwan ƙasa mai haske, an kuma gina guntun bango tsakanin gareji da tsakar gida, wanda ya dawo da karkatar da shigifa ke yi a da. Daga titi ƙofar tana nan da layukanta na zamani, ba ta rasa kyanta ba.

Hukuncina shi ne ƙofar farko ta dace da bango amma ba ta dace da gida ba, ta biyun kuwa ta dace da duka biyun, kuma bambancinsu bai wuce karkatar ƙarfe da tambaya ɗaya da aka manta a yi ba. Mahaifiyarmu ta sa an cire tabarmar. Zaure dai bai dawo ba, amma yayana ya sa an yi dakali a gefen ƙofar, kuma tun makon da siminti ya bushe dattawa biyu suka koma zama a kansa bayan magariba.